Ƙarin Ruwa: Me Ya Sa Ya Ke Ɗiga Sannu Sannu?

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina so in yi muku bayani a kan wani abu wanda kusan kowannenmu ya taɓa gani da idonsa, amma kaɗan ne suka san yadda ya ke aiki. Abin nan shi ne ƙarin ruwa, watau ruwan nan da a ke ratayawa bisa sandar ƙarfe kusa da gadon marar lafiya, yana bin siririyar roba yana shiga jijiyar hannu. Sau da yawa irin wannan ruwa akwai sukari a cikinsa. Ga dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A hutun da ya wuce ƙanena ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro, aka ba shi gado a wani asibiti cikin unguwar Maitama a Abuja, ni na zauna jinyarsa kwana 4. A gadon da ke kusa da namu akwai wata tsohuwa daga Mpape, tana jinyar jikanta ɗan shekara guda. Ran nan da la'asar sai na ga tsohuwa ta tashi, ta duba hagu da dama, ta kama 'yar tayar nan da ke jikin roba ta murza. Nan da nan ruwan da ke ɗiga ɗai ɗai ya shiga zuba kamar an buɗe famfo. Allah ya taimaka, ba a yi minti biyu ba nas ta shigo. Tana ɗaga ido ta gani, ta yi wuf ta mai da tayar wurinta, ta ce, "Mama, wa ya taɓa wannan?"

Tsohuwa ta ce, "Ni ce, 'yar nan. Tun hantsi aka rataya ruwan nan, har yanzu bai kai rabi ba, ga yaro ba ƙarfi. Na ce bari in taimaka masa ya shanye da wuri."

Nas ta ce, "Mama, don girman Allah kada ki sake taɓawa. An auna yaron nan, an yi lissafi, kana aka saita ruwan. In ya shiga da sauri, shi zai kashe shi, ba zazzaɓin ba."

Tsohuwa ta riƙe baki. Ni ma na yi shiru, gama a raina ina tare da ita, ni ma na ƙosa in ga ledar ƙanena ta ƙare. Tun daga ran nan na shiga tambaya da karatu, abin da na samu kuwa shi zan faɗa muku. Gaskiyar maganar ita ce, a wajen ƙarin ruwa saurin ɗigon nan yana cikin maganin, daidai da yadda yawan ƙwayoyi ya ke cikin maganin haɗiya. Wanda ya murza tayar nan kamar wanda aka ce ya sha ƙwaya 2 ne, ya haɗiye 20.

Abin Da Ke Cikin Ledar

Sukarin da ke cikin ƙarin ruwa sunansa gulukos. Ɗan'uwan sukarin shayi ne, amma ba shi ba ne. Shi ne irin sukarin da ke yawo cikin jininmu kullum. Duk tuwo ko doya ko shinkafa da muka ci, hanji ya kan narkar da su su zama gulukos kafin su shiga jini. Wanda a ke sa wa a leda kuwa daga sitacin masara a kan yi shi, a tace shi sarai, a narka cikin ruwa mai tsabta, a kashe dukan ƙwayoyin cuta.

In kun duba jikin leda za ku ga an rubuta ƙarfinsa. Mai kashi 5 cikin 100 yana da sukari giram 50 a cikin lita ɗaya. Mai kashi 10 yana da giram 100. Akwai mai kashi 50, mai kauri ƙwarai, wanda ke zuwa cikin 'yan ƙananan kwalabe. Ledar da muka fi gani ita ce mai rabin lita, watau mililita 500, mai kashi 5. To, ku yi lissafi, sukarin da ke cikinta giram 25 ne kacal, watau kamar ƙaramin cokali 6. Lemon kwalba guda ya fi ta sukari. Babban mutum yana bukatar ƙarfin abinci kamar kalori 2,000 a yini, ledar nan kuwa kalori 85 ta ke bayarwa. Sai an sa masa kusan leda 24 kafin a ce ya ci abincin yini ɗaya. Saboda haka masu cewa ƙarin ruwa shi ne sarkin ba da ƙarfi sun yi kuskure. Ga mai iya haɗiya, kofin kunu ya fi shi.

Yadda Jiki Ke Riƙon Sukari

Jinin babban mutum wajen lita 5 ne. Dukan sukarin da ke cikinsa sa'ad da mutum ya tashi da safe bai ci kome ba, bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, watau ƙaramin cokali guda. A awon asibiti a kan ce miligiram 70 zuwa 100 a cikin kowane mililita 100 na jini. Ɗan wannan cokali shi ke riƙe da hankalinmu, domin ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana cin gulukos wajen giram 120 a yini, ba ta kuwa da rumbu nata, sai abin da jini ya kawo mata.

Rumbun jiki shi ne hanta. In mun ci abinci sukari ya yi yawa, sai wata halitta da ke kwance bayan tumbi ta saki wani ruwa mai suna insulin. Shi ke buɗe wa sukari ƙofa ya shiga tsoka da hanta a ajiye. In mun daɗe ba mu ci ba, sai hanta ta riƙa sako ajiyarta kaɗan kaɗan, kamar miligiram 2 ga kowane kilo na nauyin mutum cikin kowane minti. Kun ga ashe Allah ya riga ya yi mana ƙarin ruwa a cikin jiki, yana ɗiga dare da rana bisa ma'auni. Abin da likita ke yi shi ne kwaikwayon wannan ma'auni.

Bambancin kuwa ga shi. Abin da ya bi ta baki sai ya tsaya a tumbi, ya bi hanji a hankali, ya ratsa hanta, kana ya watsu cikin jiki. In ya yi yawa mutum ya kan ji ƙoshi ya ture kwano, ko ya yi amai. Amma abin da aka sa a jijiya ba mai tsare shi a ƙofa, cikin minti guda ya zaga jiki duka, ba kuwa hanyar dawo da shi.

Ɗan Tarihi

Ba a rana ɗaya aka gano wannan ba. A 1628 wani likitan Ingila, William Harvey, ya bayyana cewa jini zagaya jiki ya ke yi, zuciya ke tura shi. A 1656 Christopher Wren ya gwada zuba giya da wasu magunguna cikin jijiyar kare a Oksfod, da gashin tsuntsu da mafitsarar dabba. A 1832, sa'ad da kwalara ta faɗa wa ƙasar Sikotilan, likita Thomas Latta ya zuba ruwan gishiri cikin jijiyar masu amai da gudawa, wasu suka farfaɗo bayan an fid da rai. A 1896 Biedl da Kraus suka fara sa wa mutum gulukos ta jijiya.

Maganar sauri kuwa a 1915 ta fito fili. A birnin Shikago na Amurka, Woodyatt da abokansa Sansum da Wilder suka yi amfani da ɗan inji mai tura ruwa bisa ƙa'ida, suka nuna cewa akwai iyakar sukarin da jiki zai karɓa cikin awa ɗaya, in an wuce ta sai sukari ya fara fita cikin fitsari. A 1921 Banting da Best suka samo insulin a Toronto ta Kanada, aka fara yi wa mutum allurarsa a 1922. Daga nan likitoci suka sami linzami biyu a hannu, na ƙara sukari da na rage shi.

Lissafin Ɗigo

Wannan sashe namu ne, mu masu shirin koyar da lissafi, gama ba abin da ke ciki sai ninkawa da rabawa. Amma ina roƙonku, na kawo shi don mu gane aikin malaman asibiti, kada wani ya ce zai gwada a gida.

Lissafi na farko na ruwa ne. Robar da a kan sa wa manya, ɗigo 20 nata su ne mililita 1. In likita ya rubuta a ba da mililita 500 cikin awa 8, sai nas ta ninka 500 sau 20, ta sami ɗigo 10,000. Awa 8 minti 480 ne. In ta raba 10,000 da 480 sai ta sami kusan 21. Shi ya sa ku kan ga ta tsaya da agogo a hannu tana duban ɗan ƙoƙon da ɗigo ke faɗawa, tana murza taya kaɗan kaɗan har ya zama ɗigo 21 a minti. Robar yara kuwa ɗigonta ƙanana ne, 60 su ne mililita 1, kuma sau da yawa a kan haɗa ta da wata 'yar kwalba mai ma'auni, a riƙa zuba mata ruwan awa biyu ko uku kaɗai, domin ko an yi kuskure kada leda duka ta shige.

Mu koma kan jikan tsohuwar nan. Yaro ɗan shekara guda nauyinsa wajen kilo 10 ne. Ruwan da jikinsa ke bukata kamar mililita 40 ne a awa, saboda haka ledar rabin lita ya kamata ta kai awa 12 da rabi. Dukan jinin da ke jikinsa kuwa wajen mililita 800 ne. Da an bar tayar nan a buɗe, da leda ta iya ƙarewa kafin awa guda, watau an ɗora wa 'yar zuciyarsa ruwan da ya fi rabin jininsa a lokaci ɗaya. Yanzu kun gane abin da ya sa nas ta yi wuf.

Lissafi na biyu na sukari ne. Likitoci suna auna shi da miligiram nawa ke shiga ga kowane kilo na nauyin jiki cikin minti ɗaya. Hanyar ita ce, a ninka ƙarfin ruwan, watau 5 ko 10, da yawan mililita na awa ɗaya, sa'an nan a raba da nauyin marar lafiya sau 6. Wani zai ce, daga ina 6 ta fito? Kashi 1 cikin 100 daidai ya ke da miligiram 10 a mililita, awa kuwa minti 60 ce, 60 a raba da 10 ya ba da 6.

Ga misali. Jariri sabon haihuwa mai kilo 3 bai iya kama nono ba, an sa masa mai kashi 10, mililita 9 a awa. Ninka 10 sau 9, 90 ke nan. Nauyi 3 sau 6, 18 ke nan. Raba 90 da 18, ka sami 5. Wannan ya yi daidai, domin jaririn da ya cika wata tara a kan fara masa da 4 zuwa 6, bakwaini kuwa 6 zuwa 8. Jarirai sun fi manya bukatar sukari bisa ga nauyinsu, saboda kansu babba ne in an gwada da jikinsu, rumbun hantarsu kuma ƙarami ne. Amma ku lura, mililita 9 a awa bai kai ƙaramin cokali 2 ba. In wani ya ɗan taɓa taya ruwan ya koma mililita 27, lissafi ya tashi daga 5 zuwa 15, ya wuce abin da jikin jariri zai iya sarrafawa. Don haka a ɗakin jarirai an fi son na'ura mai tura ruwa da wutar lantarki, wadda a ke rubuta mata lamba ta bi, ta yi ƙara in wani abu ya tare hanya.

Inda ba na'ura, nauyin ruwa ne kaɗai ke tura shi. In an ɗaga leda sama ya ƙara sauri, in an sauke ta ya rage. In marar lafiya ya lanƙwashe hannu ya tsaya, in ya miƙe ya zubo. Shi ya sa nas ta kan dawo ta sake ƙirgawa, ko da ba wanda ya taɓa kome.

In Ya Yi Sauri

Hausawa na cewa zuma ga zaƙi ga harbi. Babban mutum, iyakar sukarin da jikinsa ke iya ƙonawa ya zama ƙarfi kamar miligiram 4 zuwa 5 ne ga kowane kilo a minti. Abin da ya haura wannan sai ya taru cikin jini. In awo ya wuce kamar 180, ƙoda ta kan fara zubar da sukari cikin fitsari, sukari kuwa ba ya fita shi kaɗai, sai ya ja ruwa. Sai ka ga abin mamaki, ana ƙara wa mutum ruwa yana bushewa. Har wa yau, yawan sukari yana raunana sojojin jini masu yaƙi da ƙwayoyin cuta, ya hana miki warkewa. Rarar da ta rage hanta ta kan juya ta ta zama kitse, hantar ta kumbura. Wannan juyi kuma yana ƙara iskar da huhu zai fitar, ya wahal da mai numfashi da ƙyar. Mai ciwon sukari, da wanda aka yi wa babban aiki, da wanda ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa, su suka fi saurin faɗawa wannan hali, domin insulin ba ya aiki sosai a jikinsu.

Akwai kuma haɗarin ruwan kansa. Da zarar jiki ya ƙone sukarin da ke cikin mai kashi 5, abin da ya saura tsurar ruwa ne. In ya yi yawa sai ya tsinka gishirin jini, ruwa ya shiga ƙwaƙwalwa ta kumbura, yaro ya yi ta amai, ya shiga jijjiga. Don gudun haka likitocin yara yanzu sun fi ba da sukari haɗe da ruwan gishiri. Tsoho mai raunin zuciya kuwa, ruwa ya kan taru masa a huhu, numfashi ya gagara.

In Ya Yi Kaɗan Ko Ya Tsaya

Kada ku ce to, ai sai a rage shi a huta. Ƙarancin sukari ya fi yawansa saurin ɓarna. Mutum ya kan yi gumi, jiki ya yi rawa, ya ruɗe, ya suma. Jariri ba ya iya faɗi, sai dai a ga ya yi laushi, ya ƙi nono, ko ya yi ta zabura. In awonsa ya sauka ƙasa da kamar 45 aka daɗe ba a lura ba, ƙwaƙwalwa ta kan sami lahanin da ba ya gyaruwa. Yaron nan shi ne wata rana za a kawo mana aji, mu yi ta fama da shi bai gane karatu ba, ba mu san tun yana ɗan kwana biyu abin ya same shi ba. Bakwaini, da ɗan da uwarsa ke da ciwon sukari, da wanda ya sha wuya wajen haihuwa, su a ka fi sa wa ido.

Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani shi ma yana sauke sukarin yara, ga rashin cin abinci, ga ƙwayoyin cutar suna cin nasu. Maganin kwinin, wanda aka daɗe ana sa wa cikin ruwan sukari, yana tsokano insulin ya ƙara sauke shi. A 2010 aka fid da sakamakon wani babban gwaji da aka yi kan yara fiye da 5,000 a ƙasashen Afirka 9, har da Ilorin a nan Nijeriya, aka ga allurar atesunet ta fi kwinin ceton rai. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta gaba wajen maganin zazzaɓi mai tsanani.

Wani abin lura kuma, in an daɗe ana ba mutum sukari mai ƙarfi ta jijiya, jikinsa ya saba sakin insulin da yawa. In ruwan ya yanke farat ɗaya, insulin na nan yana aiki, sai sukari ya faɗi ƙasa warwas. Shi ya sa a kan yaye marar lafiya daga ruwan a hankali, ana ragewa yana ƙara ci da baki, kamar yadda uwa ke yaye ɗa. Shi ya sa kuma mai jinya bai kamata ya rufe taya don zai kai marar lafiya bayan gida ba, ko ya ga leda ta ƙare ya yi shiru.

To, ina tsakiyar? A 2001 likitocin birnin Luben na Beljiyam suka ba da shawarar a matse sukarin masu ciwo mai tsanani da insulin ya zauna kamar na mai lafiya. A 2009 aka gama wani gwaji kan mutum fiye da 6,000 a Ostireliya da Niyu Zilan da Kanada, aka tarar waɗanda aka matse wa sun fi mutuwa, sukarinsu kuma ya fi yawan faɗuwa ƙasa. Tun daga nan galibin asibitoci suna neman awo ya zauna tsakanin 140 da 180 ga irin waɗannan marasa lafiya. Wannan shi ne amfanin 'yar na'urar nan da a ke soka yatsa a ɗiga mata jini. Kada mu ji haushi in an zo soka yatsa sau da yawa a yini, da ita a ke sanin ko a ƙara ko a rage.

Ciyarwa Ta Jijiya

Akwai marasa lafiya da hanjinsu ba ya aiki sam. Misali wanda taifot ta huda wa hanji aka yi masa aiki, ɗinkin ya ƙi kamawa, ko jaririn da aka haifa da toshewar hanji. Irin waɗannan in za su yi makonni ba ci, leda mai kashi 5 ba ta riƙe su, gama mun riga mun ga sai leda 24. Dole a ba su abinci cikakke ta jijiya, watau sukari mai kauri, da abin gina jiki, da mai, da gishiri iri iri, da bitamin.

Wahalar ita ce, jijiyar hannu ba ta jure sukarin da ya wuce kashi 10 zuwa 12 da rabi, sai ta yi zafi ta kumbura ta toshe. A 1961 Arvid Wretlind na Suwidin ya haɗa mai wanda za a iya sa wa a jini lafiya, daga man waken soya da gwaiduwar ƙwai. A Filadelfiya kuma Stanley Dudrick ya zura siririyar roba har babbar jijiyar da ke kusa da zuciya, inda jini ke gudu da yawa yana tsinka sukarin nan take. Ya fara da 'yan kwikwiyo, suka girma daidai da 'yan'uwansu masu ci da baki. A 1968 shi da Douglas Wilmore suka ba da labarin wata jaririya da aka haifa kusan ba hanji, wadda ta yi girma ta wannan hanya.

A nan ma lissafi ɗaya ne. Mutum mai kilo 60, in an tsai da iyaka a 5, miligiram 300 ke nan a minti, giram 18 a awa, giram 432 a yini. Likita ba ya fara masa da wannan. Ya kan fara ƙasa ƙwarai, ya riƙa hawa cikin kwanaki yana duban awo, ya cike sauran ƙarfin da mai. Aikin yana da tsada, yana bukatar tsabta mai tsanani da awon jini a kai a kai, domin robar da ta kai zuciya ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Don haka aikin manyan asibitoci ne. A Abuja, asibitocin gunduma irin na Maitama da Asokoro da Wuse su kan tura ciwon da ya fi ƙarfinsu zuwa Asibitin Ƙasa, wanda aka buɗe a 1999, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Ƙa'idar likitoci kuwa ita ce, muddin hanji na aiki a yi amfani da shi, ko da ta robar hanci ne.

Wanda ya daɗe da yunwa shi ya fi kowa bukatar sannu. An lura da haka a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sa'ad da aka saki fursunonin da suka rame, aka ba su abinci da yawa don tausayi, wasu suka mutu. Dalili shi ne, sukari na shiga sai insulin ya tashi, ya kwashe wasu gishirin jini, irin su fosfet da fotasiyam, ya tura su cikin tsoka, zuciya ta rasa abin aiki. Saboda haka a kan fara da kaɗan, a ba da bitamin B1 tun kafin sukari. Yaro mai tamowa ma da madara marar ƙarfi a kan fara masa, ba a kuwa sa masa ƙarin ruwa sai in ba makawa.

Abin Da Ya Rataya A Wuyanmu

A ƙasarmu mai jinya shi ke kwana kusa da gado, nas guda kuwa tana da gadaje da yawa. Saboda haka idon mai jinya yana da amfani ƙwarai, in ya san abin da zai duba. Kada ya taɓa taya, kada ya ɗaga leda ko ya sauke ta, kada ya matsa ta da hannu. Ya tambayi nas ƙarfe nawa ya kamata ledar ta ƙare, ya riƙe a ransa. In ya ga ɗigo ya tsaya, ko ya koma zuba, ko leda ta kusa ƙarewa, ko wurin allura ya kumbura, ya je ya kira. In marar lafiya ya shiga haki, ko gumi da rawar jiki, ko barcin da ba a gane masa ba, ya kira da gaggawa. In yana da ciwon sukari ko na zuciya ko na ƙoda, a faɗa wa likita tun kafin a rataya ruwa.

Akwai kuma al'adar nan da ta yaɗu, mutum ya ji kasala sai ya tafi kantin magani ya ce a sa masa leda biyu, ba awon nauyi, ba awon jini, ba mai ƙirga ɗigo. Ya biya kuɗi ya sayi haɗari saboda sukari cokali 12. Ko gudawa ce, in yaro na iya sha, ruwan gishiri da sukari na baki shi ne farkon magani, wanda Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yi ta yaɗawa sa'ad da ya ke ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. In ba a sami na fakiti ba, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan ana kan hanyar asibiti.

'Yan'uwa, ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantu, wasu birni wasu ƙauye. A wurare da yawa malamin makaranta shi a ke tambaya kome, har abin da ya shafi asibiti. Tsohuwar nan ta Mpape ƙauna ce ta sa ta murza taya, ba wanda ya taɓa gaya mata. In mun koya wa yaranmu wannan a darasin kiwon lafiya, muka ba 'yan manyan aji lissafin ɗigo 21 su yi a allo, za su kai labari gida, wata kaka ta ji. Jikan tsohuwa dai ya warke, an sallame su kwana guda kafin mu, na ga tana goye da shi tana yi wa nas godiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu dubansu da alheri, amin.